Wata goma sha huɗu da tsohuwar Hondar Kawu

Babur ɗin ya fi shekara ashirin a jingine a soron gidan Kawu, can cikin birnin Kano, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa, jikoki sun yi wasan ɓuya a bayansa. Honda CD175 ne, baƙi, irin wanda malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayi a da. Kawu ya saye shi a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo aljihun ma'aikata, kowa ya ruga sayen babur da rediyo. Ya hau shi har sai da ƙafarsa ta gaza buga kik. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, 'yan gwangwan sun sha zuwa tayawa, matarsa Inna tana korarsu.

Ni ba bakanike ba ne. Aikin ofis nake yi, kuma iyakar sanina da inji shi ne canza fulogin janareta. Abin da ya ja ni hotuna ne da na yi ta gani a Instagram, na wasu babura da aka tuɓe musu komai sai abin da ya zama dole: tanki dogo, sirdi siriri mai ɗan tozo a baya, kai a ƙasa ta yadda mahayi sai ya kwanta a kan tanki. Kafe-resa ake ce musu. Asalinsu Ingila ne, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da samarin Landan 'yan babura ke taruwa a shagunan shayi na bakin titi, mafi suna a cikinsu Ace Cafe, suna tsere daga wannan shago zuwa wancan. Burin kowa ya taɓa mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Ba su da kuɗin baburan gasa, sai su rage wa nasu nauyi, su sauke kai, wasu ma su ɗauko injin Triumph su dasa a gangar jikin Norton, su kira abin Triton. Da na karanta wannan sai na ga ai majalisar mai shayi ce kawai irin tamu, bambancin su nasu sun zo da babura.

Hondar Kawu ko ranar da aka fito da ita daga kwali ba ta san hanyar kilomita 160 ba. Babur ne na zuwa aiki da ɗauko buhun gero. Na san haka, amma ido ya riga ya gani.

Kafin in taɓa shi sai da na je na durƙusa gaban Inna. Ta ce kayan gado ne, ba nata ita kaɗai ba. Aka kira 'ya'yan Kawu, aka yi masa kuɗi, na biya, aka shafa fatiha. Da muke tura shi waje ni da ƙanena, tayoyin duk sun zagwanye, sai ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, idan ya tashi ka kawo in ji kukansa."

A ranar Asabar ɗin farko na tafka kuskure biyu, kuma su na yi ta biya har ƙarshen aikin. Na farko, na kwance babur ɗin kaf a wuni ɗaya, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, na zuba notuna da kusoshi duka a bokiti guda. A lokacin gani nake ai zan tuna. Bayan wata shida na zauna gaban bokitin nan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na biyu ya fi muni. Tun ban san ko injin yana da rai ba, na aro injin yankan ƙarfe na datse jelar gangar jikin, inda madigadin baya da kariya suke zama, don in ga siffar nan ta hoto. Na ga siffar kuwa. Har hoto na ɗauka na tura wa abokai.

Sai da na zo kan inji na gane ruwa ya fi ƙarfina. Kik ba ya motsi ko kaɗan, kamar an yi masa walda. Na tambaya aka kwatanta mini wani tsohon bakanike a Fagge, wanda ya yi zamani da irin waɗannan baburan, yanzu yaransa ke aiki shi yana zaune a benci da carbi. Na kai masa injin a bayan a-daidaita-sahu, na kuma nuna masa hoton abin da na yi wa jelar, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Wa ya yanke?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ji kukansa kafin ka yanke?"

Na ce a'a. Ya miƙo mini wayata ya ce, "Ɗana, marar lafiya ka samu kwance, ka fara da yi masa aski."

Na roƙe shi alfarma ɗaya: kada a gyara mini, a nuna mini in gyara da hannuna, zan biya kuɗin aiki kamar su suka yi. Yaransa suka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya ce in riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan azahar, kuma in zo da rigar da ba na so.

Fistin biyun ne suka kama da tsatsa a cikin silinda. Muka cire fulogi muka ɗura man gas a ramukan, aka ajiye injin a gefe. Na ɗauka kwana biyu za a yi. Sati uku aka yi, kullum yaro na ƙara mai. Da muka ɗaga kan injin, Baba ya ba ni guntun katako da guduma, ya ce in ɗora katakon a kan fistin in riƙa bugawa a hankali, wannan sau biyu, wancan sau biyu. A nan na fara koyon halin wannan injin: fistin ɗinsa tare suke hawa tare suke sauka, sai dai ƙona fetur ne suke yi karɓa-karɓa, wannan zagaye na hagu, na gaba na dama. In ka dage wa ɗaya da duka, ɗayan na riƙe da shi, abin da ke ƙasa kake cuta. Wajen la'asar na ji ya ɗan nutsa, bai kai kaurin farce ba. Ban taɓa murnar abu kaɗan irin wannan ba.

Kusoshin murfin inji kuwa tuni na cinye kan guda biyar a gida. Kansu mai gicciye ne, amma gicciyen Japan daban yake da na sukundireban da muke saya a kasuwa. Namu yana zamewa ya gwaguye kan. Baba yana da wani sukundireba mai kauri da ake dafa shi a kan kusa a doka da guduma, dukan ne ke juya shi. Waɗanda na ɓata sai da aka sassare su da kurfi.

Da muka buɗe gefen dama ya nuna mini wani ɗan kofi da ke juyawa tare da inji. Shi ne matatar baƙin mai. Babu takarda a ciki, juyawa ce ke wurga datti ya manne a bango. Na Kawu ya cika da wani abu kamar kwalli, ya daskare, sai da na kankare da tsinken ƙarfe. Baba ya ce yawancin masu irin wannan babur har suka rabu da shi ba su san da kofin ba.

Neman kaya shi ya ci rabin watannin. Ramin silinda milimita 52 ne, tsatsa ta ci bangon, dole a faɗaɗa shi a sa fistin mai ƙarin rabin milimita. Faɗaɗawa ba wuya, akwai masu injin yin haka. Fistin ɗin ne babu. Na zaga Ƙofar Ruwa har masu shaguna suka gane ni, ina dosowa su ce, "Mai Honda, yau ma babu." A can dai na samu murfin gefe da wilin gaba daga wani mataccen ɗan'uwansa da ke cikin tarin ƙarafa. Fistin da zobba da gaskit sai wani ɗan kasuwa a Sabon Gari ne ya yi mini cigiya wurin mutanensa a Nnewi, garin da ya zama cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Bayan sati biyar suka iso cikin kwalin da ya yi ruwan ƙasa don tsufa, maiƙon masana'anta na jikinsu. Kafin su zo na riga na sayi wasu ta intanet da aka rantse mini za su yi, suka zo ba su yi ba. Suna nan a durowa, ina danne takardu da ɗaya.

Haɗa inji ya fi kwance shi daɗi nesa ba kusa ba, in dai akwai mai tsawata maka a kusa. A gefen hagu akwai faranti mai juyawa da aka yi wa alamomi biyu, T da F. Idan T ta zo daidai da tsagar da ke jiki, fistin sun kai ƙololuwa, a nan ake saita bawul. Tazarar da ake bari milimita 0.05 ce, inji na sanyi, abin da bai kai kaurin takarda ba. F kuwa ita ce daidai inda kwantak zai fara buɗe baki wuta ta tafi fulogi, kuma buɗewarsa kada ta wuce tsakanin 0.3 da 0.4. Baba ba ya amfani da na'ura. Siririyar takarda yake maƙalawa a bakin kwantak, yana juya inji a hankali yana ɗan janta. Inda ta suɓuce, nan ne ya buɗe.

Ranar saita bawul ya tafi jana'iza, na ce bari in burge shi. Na kawo T, na saita duka huɗun a zama ɗaya. Ashe a kowace T silinda ɗaya ce bawul ɗinta ke rufe ruf, ɗayar nata a ɗan danne suke, sai ka ƙara juya inji zagaye guda kafin ka taɓa su. Ya riga ya faɗa mini wannan tun ranar katako da guduma, kunnena ne bai ɗauka ba. Da ya dawo ya sa yatsa ya kaɗa, ya ji ɓangare ɗaya na ƙwal-ƙwal kamar ludayi a tukunya. Bai ce komai ba, ya miƙo mini sifana.

Tankin a gida na yi shi. Na zuba kananzir da tafin hannu biyu na tsofaffin notuna, na ba yaran unguwa suna girgizawa ina saya musu alewa. Abin da ya fito kamar kunun kanwa da ya ƙone. Daga nan na cika shi da ruwan khal ya kwana biyu. Cikin ya yi fes, sai kuma ga ƙananan huji uku a ƙasa suna tsiyaya. Ashe tsatsar ce ta toshe su shekara da shekaru. Mai walda ya ƙi kusantar tankin da wuta sai da na wanke shi da ruwan sabulu sau uku a gabansa, ya kuma cika shi da ruwa ya bar daidai wurin da zai taɓa. Ya ce tankin da babu fetur ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa. Kafireta guda ɗaya ce tak ke ciyar da silinda biyun. Na jiƙa ƙananan ƙarafanta na tagulla a ruwan lemon tsami, na hura ramukan har na ga haske ta ciki.

Injin ya tashi wata Lahadi ana gab da kiran magariba, a wata na tara. Na buga kik ya kai sau talatin, gumi har cikin ido. Baba ya ce in rufe cok in daina murɗa totur kamar mai matsar wanki. Bugu na uku bayan nan ya yi tari, ya yi atishawa ta salansa, sai ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe garejin. Yaran suka yi ihu. Ni dai na tsaya riƙe da kai, hannuna na rawa. Baba ya karkata kunne ya saurara kusan minti guda, ya sa sukundireba ya ɗan taɓa silo, sannan ya tashi ya ɗauki butarsa.

Sai yanzu aka zo kan kwalliyar da na fara da ita. Jelar da na datse, na datse ta kusa ƙwarai da inda shokozoba ke kamawa, na kuma cire ƙarfen da ke riƙe ɓangarorin biyu kada su buɗe. Da na hau haka, da wani rami ya koya mini hankali. Mai walda ya lanƙwasa bututu kamar kofaton doki ya haɗe bayan, ya zura ƙarfe a cikin mahaɗar kafin ya yi walda, ya ƙara wani a gicciye. Kuɗin gyaran ɓarnata ya fi na fenti.

Kan da ake ɗaurawa a jikin ƙafafun gaba, irin na hoto, ban same shi a kasuwa ba. Na sayi kai mai ɗan lanƙwasa na kifa shi ƙasa. Ya yi kyau, har na juya shi ƙarshe ya daki tanki ya matse mini babban yatsa. Allah ya sa ba a yi fenti ba tukuna. Aka ɗan ƙara ƙarfe a wurin da ke tsayar da juyawar kai, yanzu sai dai babur ɗin yana bukatar fili kafin ya yi kwana. Matakan ƙafa kuwa, da ake mayarwa baya a kafe-resa na gaske, na bar su inda Honda ta sa su. Na gaji da yanke-yanke.

Sirdi shi ne abin da na fi alfahari da shi, kuma ba ni na yi ba. Na yanka kwali na fitar da siffar, maƙeri ya buga faranti da ɗan tozonsa, na kai wa wani baduku a cikin gari. Na so jar fatar akuya, irin wadda aka san Kano da Sakkwato da ita. Ya murza ta a yatsunsa ya ce wannan ta jaka ce da takalmi, rana da ruwa da zaman ƙato za su yage ta kafin shekara. Ya zaɓo ta saniya mai ruwan goro, ya yi mata ɗinki layi-layi da hannu. Bai taɓa jin kalmar kafe-resa ba, amma da ya ga tozon ya ce, "Ai sirdin doki ne ka rage wa tsawo."

Bayan fenti na haɗa wayarin, fitila ta ƙi kamawa, hon ya yi shiru. Kwana huɗu ina bin waya ɗaya-ɗaya. Babur ɗin batir mai ƙarfin bolt 6 yake amfani da shi, ba 12 irin na yanzu ba, wutarsa ba ta da rarar da za ta yi asara, kuma ta jikin ƙarfen babur take komawa batir. Ni kuwa na sa an shafe ko'ina da fenti mai kauri, har wuraren da waya ke kama ƙarfe. Samfefa ta minti biyu ta warware abin da ya hana ni barci. Fitilar dai har yau kamar aci-balbal take, ba na yin dare.

Birki da taya ban yi musu rowa ba. Takalman birkin na da, ina cirewa fatar ɗaya ta ɓalle a hannuna. Na sa sababbi gaba da baya, da wayoyin birki da kuloci, da boris na wili, da sarƙa da haƙoranta. Na sabunta takardu, na sa lamba da madubi, na sayi hular kwano ta kirki. In aka haɗa duk abin da na kashe, ya kusa sayen sabon babur ɗan Indiya. Maiɗakina ta riga ni yin wannan lissafin.

Fitata ta farko titin Zariya na bi da sassafe, na nufi Kura. Giya huɗu ce kawai, ina shiga ta ƙarshe na kwanta a tanki kamar yadda na gani a hoto. Allura ta kai kilomita 95 ta tsaya tana rawa. Samarin Landan da sun yi mini dariya, amma a kan wannan ɗan ƙarfe, iska na dukan ƙirji, ji na yi kamar na fi haka sau biyu. Kafin in dawo wuyan hannuna da ƙuguna sun faɗa mini shekaruna. Na kuma gane ba a hawansa da babbar riga, ko doguwar kaftani sai an tattare.

Sauran darasin hanya ce ta koya mini. Na cire akwatin iska na asali na sa ɗan ƙaramin mataci mai sheƙi, don shi ake gani a hoto. Babur ya riƙa shaƙewa in na murɗa, fulogi ya fito fari tas, alamar iska ta yi wa fetur yawa, kuma haka ake ƙona fistin. Ga ƙurar hunturu da ke wucewa ta cikinsa kamar ba shi. Na koma buhu na lalubo akwatin Kawu na mayar, na fente shi baƙi don ya ɓuya. Ruwan farko na damina ya same ni a hanya ba madigadin gaba, na isa gida da layin taɓo tun daga ƙirji har goshi. Shi ma na mayar, na dai rage masa tsawo. Rufin sarƙa ne ban mayar ba, saboda haka duk sati sai na wanke ta na sa mai, aikin da Kawu ba ya yi sai jefi-jefi. Wanda ya zana babur ɗin nan ya san ƙasa mai ƙura, ni ne na zo ina yi masa gyara da hotunan ƙasar da ba ta san hunturunmu ba.

A danja mutane kan tambaya. Wani ɗan a-daidaita-sahu ya leƙo ya ce, "Malam, hatsari ka yi ne, ina sauran mashin ɗin?" Wani dattijo kuma a bakin masallaci ya zagaya shi sau biyu, ya gane injin, ya ce shi ma ya taɓa mallakar irinsa, sannan ya dube ni ya ce, "Amma ka cuce shi." Samari su kan ce in sayar musu. Masu cewa ba wurin goyo, ina ce musu tun 2013 da aka hana acaɓa a birnin Kano ai goyon ya zama abin lissafi.

Wata Juma'a bayan an sauko na kai wa Inna. Na tsaya a ƙofar gida na bar shi yana silo, ban yi sallama ba. Sai ga ta ta fito soro da sauri ba ko takalmi, mayafi a hannu. Ta ce tana cikin ɗaki ta ji, gabanta ya faɗi, don haka yake yi in Malam, wato Kawu, ya dawo daga makaranta. Ta tsaya tana saurare, ba ta ko kalli babur ɗin sosai ba. Can ta zagaya bayansa, ta shafa tozon sirdin, ta duba ƙasa.

"Ina kariyar?"

Na ce tana gida a buhu, na cire.

"A kanta na zauna ya kai ni asibiti haihuwar fari," in ji ta. "Kawo mini abata."

Washegari na wanke ta na kai mata. Kariyar ba za ta ƙara hawa wannan babur ba, don wurin da take kamawa shi na datse tun ranar farko. Tana nan a tsakar gida kusa da rijiya, Inna na kife ƙore a kai. Babur ɗin kuma ya fara ɗigar da mai ta wajen sandar giya, Baba ya ce in zo ranar Asabar da rigar da ba na so.